Layin da Ke Ɗauke da Sunan Baba

Shekarar da 'yata ta fari ta shiga babbar sakandare, malamansu suka koma tura aikin gida ta waya. Kowane darasi da guruf ɗinsa. Wayata ɗaya ce, ni kuma ina koyarwa a wata firamare a nan Tudun Wada, ba na dawowa sai bayan azahar. Kullum sai in tarar da ita zaune a tsakar gida tana jirana, ba don ta yi kewata ba, don wayar. Babanta a Kaduna yake aiki, sai ƙarshen mako muke ganinsa. Da muka yi shawara ya kawo mata tsohuwar wayarsa mai tsagaggen gilashi, ya ce in kai ta a yi mata layi.

Mai rajistar layin yana da 'yar rumfa a bakin kasuwa. Ya dubi yarinyar ya tambayi shekarunta, na ce sha huɗu. Ya girgiza kai.

"Hajiya, gwamnati ta hana. Sai wanda ya cika sha takwas, kuma sai da lambar ɗan ƙasa."

"To ya ake yi? Makaranta ce ta buƙata."

"Yadda kowa ke yi. Kawo lambarki, ki tsaya nan in ɗauki fuskarki."

Na tsaya ya ɗauka. A hanyarmu ta komawa har daɗi nake ji. Na ce mata, kin gani, yanzu ba mai iya ɓuya a bayan waya, kowane layi gwamnati ta san mai shi. Da zuciya ɗaya na faɗa.

Watanni suka wuce lafiya. Abin da na fara lura da shi abinci ne. Yarinyar da ke cin tuwo har ta kankare tukunya ta koma tsakura tana ture kwano. Sannan ta daina faɗa da ƙannenta, wanda a gidana alamar ciwo ce. Na taɓa goshinta, ba zazzaɓi. Na tambaya, ta ce jarrabawa ce ta matso.

Wata Alhamis bayan la'asar ina gugar kayan makaranta, wayarta tana caji a kan taga, sai ta yi ƙara sau ɗaya. Yarinyar tana tankaɗe a bakin kicin. Rariyar ta suɓuce daga hannunta, garin ya watse a ƙasa. Ko kallon garin ba ta yi ba, tagar take kallo.

Na kashe dutsen guga.

"Ɗauko min wayar nan."

"Umma, aikin makaranta ne."

"Ɗauko."

Ta miƙo min, ta koma jikin bango ta durƙushe.

Lamba ce babu suna. Na koma can sama, wurin saƙon farko. Hoto ne. Fuskarta ce daga hoton da muka ɗauka ranar Sallah a gidan kakarta, har da ɗan kunnen da na ara mata, amma an yanko kan an ɗora a wani hoton banza da ba zan kwatanta shi a nan ba. Wanda ya san ta zai iya gane haɗi ne in ya tsaya ya duba da kyau. Amma wa zai tsaya? A ƙasa an rubuta cewa ta turo hotonta na gaskiya, ba hijabi ba ɗankwali, in ba haka ba kowa zai ga wannan.

Na ci gaba da karantawa. A nan ne na gane mai saƙon ba daga nesa yake ba. "Jiya ruwan toka kika sa zuwa Islamiyya." "Na ga kin tsaya sayen awara a bakin lungu." "Kin yi kuka, idonki ya nuna." Saƙon da ya shigo yanzun nan shi ne ya sa wa'adi: gobe in an sauko daga masallacin Juma'a, in bai ga hoton ba, zai tura wa guruf ɗin ajinsu da na Islamiyya, kuma har lambar babanta yana da ita.

"A ina ya samu hoton Sallah?" na tambaye ta.

Ta ce ta sa shi a wata manhajar hotuna da bidiyo da 'yan ajinsu ke yi.

"Ba na ce miki guruf ɗin makaranta kawai ba? Ita manhajar ba ta tambayar shekaru?"

"Tana tambaya."

"Me kika sa?"

"Ashirin da biyu. Kowa haka ya sa, Umma. Ba ta cewa komai, wucewa kawai take yi."

Na ɗaga hannu zan mare ta, sai na ga yadda ta rame a wuya. Na sauke hannun. Ta ce ta toshe lambar tun farko, ya dawo ta saƙon waya na yau da kullum, dole ta sake buɗe ta. Ta ce ta yi tunanin jefa wayar a rijiya, amma ta san hoton ba a wayarta yake ba.

Na kira babanta. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Kada ki gaya wa kowa. Gobe da safe zan nemi izini in taho."

Amma na kasa zama. Ina da ƙane da ke sayar da kayan waya a Kwangila, shi muke kai wa duk abin da ya shafi waya a danginmu. Yana son yarinyar nan kamar me, shi ya riƙa goya ta a babur tun tana rarrafe, sai dai yana da zuciya. Na kira shi na ce ya biyo kafin magariba. Da ya zo ban nuna masa hoton ba, saƙonnin kawai na nuna masa. Ya karanta yana cije leɓe.

"Yaya, ba ni lambar."

Ya bayyana min cewa akwai asusun kuɗi na waya da lambar layin mutum ita ce lambar asusunsa, masu rajista sukan buɗe wa mutum tare da layin. In ka yi kamar za ka tura kuɗi, sunan mai layin zai fito. Ya gwada ɗaya, ba komai. Ya gwada wani. Sai na ga fuskarsa ta canza. Ya juyo min da wayar.

Cikakken suna ne, kuma na san shi. Kowa a layinmu ya san shi, ko da yake ba mai kiransa da shi. Baba muke ce masa. Tsoho ne da ya yi aikin reluwe har ya yi ritaya, gidansa ne na farko a bakin lungunmu. Daga hantsi zuwa magariba yana kan bencinsa a ƙarƙashin dogon yaro, da rediyo a cinya. Duk yarinyar da za ta Islamiyya ta gabansa za ta wuce. Mai awarar ma a gefen bencinsa take kafa kaskonta. Matarsa, Inna, ita ta zauna da ni lokacin haihuwar autana.

Cikin ɗan lokaci duk abin da nake gani kirki ne a wurin mutumin nan ya juye a idona. Dabinon da yake raba wa yara. Yadda yake tsayar da su yana tambayar karatu. Zaman bencin kansa.

"Wallahi yau sai ya gaya min," in ji ƙanena, ya miƙe.

Na riƙe masa riga. "Ka rufa min asiri. Babanta na zuwa gobe. Ka bari ya zo mu je wurin mai unguwa."

"Yaya, tsohon banza yana zaune yana ƙirga 'ya'yan mutane, ki ce in bari?"

"Na haɗa ka da Allah, ka bari."

Ya ce to. Amma bai dube ni ba da ya faɗa.

Washegari ban je aiki ba, ita ma na hana ta zuwa makaranta. Rana ta ɗan ɗaga, ina shanya, sai ga maƙwabciyata ta shigo ba ko sallama.

"Malama, kin ji abin da ake faɗa? Wai Baban bakin lungu yana lalata yaran mutane ta waya. An ce an kama lambarsa. Ga samari can sun taru a wurin mai shayi."

"Yarinyar wa?" na tambaya.

"Ba a faɗa ba. Wai wata ce a layin nan."

Na san ƙanena bai faɗi sunan 'yata ba, amma sauran ya faɗa. Kuma na san abin da taron samari ke iya yi a garin nan kafin wani babba ya iso. Na kira babanta, ya ce yana tasha, motar ba ta cika ba. Na kira matar mai unguwa na ce don Allah ta gaya wa maigidan ya zo bakin lungunmu yanzu yanzu, za a yi kisa. Na zura hijabi, na ce wa yarinyar ta kulle ƙofa kada ta buɗe wa kowa.

Ban san me zan je yi ba. Ban yarda Baba ba shi da laifi ba, sunansa na gani da idona. Abin da na sani kawai shi ne ba na so a kashe mutum a kan 'yata, ta tashi da wannan a kanta har ta mutu.

Samarin sun cika gaban mai shayin, wasu 'yan layinmu, wasu ban taɓa ganinsu ba. Ɗaya yana riƙe da gora, wani yana naɗe sarƙar babur a hannu. Ƙanena yana tsakiyarsu. Da ya hango ni ya kau da kai. Bencin Baba babu kowa, bai fito ba tukuna. Na wuce su kaina a ƙasa na shige zauren gidan, na tura ƙofar langa-langar na sa sakata.

Inna tana wanke-wanke. Ta ɗago da fara'arta.

"A'a, Malama, yau ba makaranta? Lafiya kika rufe ƙofa?"

"Inna, ina Baba?"

Yana ƙofar ɗakinsa a kan tabarma yana shan koko. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, don Allah ara min wayarka."

Ya lalubo ta a aljihu ya miƙo. 'Yar ƙarama ce mai maɓallai, an ɗaure ta da roba don kada batirin ya faɗo. Lambobin duk sun goge. Ba ta ɗaukar hoto, balle ta haɗa wani.

"Ita kaɗai gare ka?"

"In yi me da biyu?"

"Ka iya rubuta saƙo da ita?"

Ya yi 'yar dariya. "Da wane idon, 'yata? Tun da yanar nan ta rufe na dama, na hagun ma inuwa nake gani. In an kira, maɓallin nan na gefe nake dannawa."

Na san da maganar idonsa. Ni da kaina na je duba shi bara da aka ce za a yi masa aiki aka fasa. Mutumin da ke gane mu da murya, yaushe zai bambanta ruwan toka da shuɗi? Amma tun jiya wannan bai faɗo min a rai ba ko sau ɗaya.

Na karanta masa lambar. Ya ce bai san ta ba. Na ce da sunansa aka yi rajistarta, kuma da ita ake aiko wa wata yarinya maganganun banza. Ya ajiye kofin kokon a hankali. Inna ta taso hannunta da kumfa.

"Malam, ko cikin layukan yaran nan ne?"

"Waɗanne yara?" na ce.

Baba ya ce, "Ai tun da aka kawo dokar nan suke zuwa. Yaro zai ce, Baba, an ce sai babba, babana ya yi tafiya, ko babana bai samu lambar ba tukuna, ga shi makaranta sun matsa. Sai in ce mu je. Ya riƙe min hannu mu je rumfar, in tsaya a ɗauki fuskata. Da mai rumfar ya ce na cika adadin layukan da aka yarda a wani kamfanin, sai muka koma wani."

"Su wane ne, Baba? Ka tuna?"

Ya fara lissafi. Jikokinsa. 'Ya'yan mai wanki. Wasu 'yan mata daga layin baya. Wani da ya ce shi ɗan wane ne. "Wasu ma muryarsu kawai na sani," in ji shi.

Bai rufe baki ba dutse ya daki ƙofar zauren. Ƙarar ta cika gidan. Inna ta saki salati. Wani dutsen ya faɗo kan kwanon ɗaki ya gangaro. Daga waje aka fara kiran sunan Baba, sunansa na gaskiya, ba ko Malam.

"Fito, tsohon banza! In ba ka fito ba mu shigo!"

Baba ya dafa bango zai miƙe. "Bari in je in ji me suke so."

"Wallahi ba za ka fita ba," in ji Inna, ta tare shi da jikinta. Ta juyo gare ni. "Malama, ke kika kawo mana wannan?"

Ana dukan ƙofar da ƙafa, sakatar tana lanƙwasa. Na san in na fita na ce Baba ba shi da laifi, za su ce ke wa, me ya shafe ki. Amsar da za ta tsayar da su ɗaya ce, kuma ita ce abin da babanta ya ce kada in gaya wa kowa. In na faɗa, kafin azahar duk Tudun Wada ta san wace yarinya ce.

Na zare sakatar na fita, na ja ƙofar a bayana na jingina da ita.

Ban taɓa tsayawa gaban maza masu yawa haka ba. Har da magidanta yanzu, da mata a bakin ƙofofi.

"Malama, matsa," wani ya ce. "Ba ruwanki."

"Da ruwana. 'Yata ce."

Ƙanena ya dafe kai.

"'Yata ce aka aiko wa saƙon. Ni na ga sunan, ni na fi ku jin zafi. Amma mutumin nan ba ya gani, kun sani. Wayarsa ga ta nan, ku duba. Layin da sunansa yake, amma ba a hannunsa yake ba. Layin da ke hannun 'yata ma da sunana yake. A cikinku wa ƙaninsa ko ɗansa bai taɓa jan Baba zuwa rumfar rajista ba?"

Wasu suka sunkuyar da kai. Mai wanki, da ke can baya, ya juya ya tafi. Amma mai sarƙar ya ce, "Don ba ya gani sai me? Ba zai iya sa yaro ya rubuta masa ba? Suna dai nasa ne ko ba nasa ba?"

Hayaniya ta sake tashi. Wani ya miƙo hannu ta gefen kafaɗata zai tura ƙofar. Ƙanena ne ya buge hannun, ya zo ya tsaya a gabana, ya ce duk wanda ya taɓa yayarsa sai dai a kwashi gawa biyu. Ba don ya yarda da maganata ba, na sani. Muna cikin haka motar 'yan sanda ta shigo lungun, mai unguwa a gaba.

Suka ce za su tafi da Baba don tsaron lafiyarsa. Ya fito mai unguwa na riƙe da hannunsa, ba takalmi. Mutane suka dare, wasu suna tsaki, wata mata ta tofar da yawu. Inna ta biyo da gudu da takalman a hannu, motar ta riga ta tashi. Ni na karɓa na hau keke na bi su.

A can baban 'yata ya same mu. Da ya dube ni na san labari ya riga ya kai masa. Jami'in da ya saurare mu mutum ne mai haƙuri. Ya karanta saƙonnin, ya juya wayar Baba a hannunsa, sannan ya ce:

"A wurin kamfani, namiji ɗan shekara saba'in da wani abu ne ya aika wa mace 'yar arba'in da ɗaya saƙo. Ku kuma kun ce ba shi ya aika ba, ba ita ta karɓa ba. Za mu rubuta musu su gaya mana inda layin yake aiki, amma ba abin yau ba ne."

"Wa'adin yau ne, ranka ya daɗe," na ce. "In an sauko daga masallaci."

Ya kira lambar. A kashe take.

Aka yi kiran sallar Juma'a muna wurin. Baba ya tambaya ko za a bar shi ya je, aka ce ya yi haƙuri, fitarsa ba ta da kyau yanzu. Ya nemi ruwa ya yi alwala, ya ce a nuna masa gabas, ya yi azahar shi kaɗai a baranda. Daga baya Inna ta gaya min tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ya rasa Juma'a ba sai in yana kwance.

Na bar babanta a can na koma gida. Na tarar da yarinyar zaune a tsakiyar gado, wayar a gabanta, ba ta taɓa ta ba. Na zauna kusa da ita. Muna jin mutane suna dawowa daga masallaci, ƙarar babura, masu tallan rake. Duk lokacin da wayar ta yi ƙara sai mu zabura tare. Malamin lissafi ne ya turo aiki. Wata ce ke tambayar shafi. Har la'asar, har magariba, ba abin da ya shigo daga lambar nan, ba kuma wanda ya ce ya ga hoto. Da yamma aka sallami Baba, mai unguwa ya tsaya masa.

Ranar Asabar da hantsi wata mata daga layin baya ta yi sallama, da 'yarta a bayanta. Na san yarinyar sarai. Ni na koyar da ita a aji huɗu, tare suke zuwa Islamiyya da 'yata, ajinsu ɗaya a sakandare, sau da yawa a kwano ɗaya suke cin abinci a gidana. Uwar ba ta zauna a tabarmar da na shimfiɗa ba, a ƙasa ta zube. Ta kwance bakin mayafinta. Gutsattsarin sim ɗin waya ne, an karya shi da haƙori.

"Jiya da aka tafi da Baba ta dinga amai," in ji ta. "Na matsa mata, sai ta faɗa min. Malama, ki yi min rai."

Yarinyar ta ce ba ta yi niyyar tura hoton ko'ina ba, so take kawai 'yata ta ji yadda ta ji. Ashe kwanakin baya malamin Turanci ya sa ta karatu a gaban aji, ta yi ta tuntuɓe, wata ta ɗauke ta a ɓoye. 'Yata ce ta sa bidiyon a guruf ɗin aji da alamar dariya, 'yan aji suka yi ta kwaikwayonta har a hanya. Na juya na dubi 'yata. Ba ta musa ba. Haɗin hoton kuwa, ta ce da wata manhaja ta yi, ba wuya, ita ma shekaru kawai ta tambaye ta.

Zaman da aka yi a zauren mai unguwa ya fi min ranar Juma'ar wuya. Inna ta ce sai an faɗi sunan yarinyar a masallaci, yadda aka kira sunan mijinta a titi. Uwar yarinyar tana kuka, ta ce in aka faɗa 'yarta ta gama yawo a garin nan, su ma sai dai su tashi. Dukansu biyu suna da gaskiya, na rasa bayan wa zan bi. Aka tambayi Baba. Ya ce shi ba zai ce a faɗa ba, ba zai ce kada a faɗa ba, abin da yake so kawai a cire sunansa daga layukan nan duka.

A ƙarshe liman ya yi sanarwa bayan la'asar cewa an gano mai laifin, yaro ne ƙarami, Baba ba shi da hannu. Bai faɗi suna ba. Wasu suka yarda. Wasu suka ce an dai rufa wa tsoho asiri ne. Baban 'yata ya je ya janye ƙarar da muka kai, ya kuma raka Baba ofisoshin kamfanonin aka rufe duk layin da ba nasa ba. A makon nan wayoyin yara da dama suka mutu a layinmu, har wasu iyaye suka zo suna ƙorafi wai an cuci 'ya'yansu ana tsakiyar jarrabawa.

Ƙanena ya je ba da haƙuri, Inna ta hana shi wuce zaure. Ba a jima ba babban ɗansu ya zo ya kwashe su zuwa gidansa a Gyallesu, ya zuba 'yan haya a nan. Na je gaishe su sau ɗaya. Baba ya amsa min da sakin fuska, har ya tambayi yara. Inna ta kawo min ruwa ta koma ɗaki, ba ta sake fitowa ba har na tafi.

Kwanan baya a ɗakin malamai ana ta musu kan abin da aka ji a rediyo, wai gwamnati na duba yadda za a hana yara shiga irin manhajojin nan sai an tabbatar da shekarunsu da katin shaida ko da fuska. Wani malami ya ce hakan ne kawai mafita. Suka tambaye ni. Na ce ina so a yi, wallahi ina so, ina da wasu 'ya'yan suna tasowa. Amma a fara gaya wa makarantu su daina tura aiki ta waya, in ba haka ba wani tsohon za a sake ja a kai gaban na'ura. Suka yi dariya, sun ɗauka raha nake yi.

Ita kuwa 'yata, ta yi kwanaki ba ta yi min magana in ba gaisuwa ba. Ran da ta buɗe baki cewa ta yi, "Umma, ba wanda ya ga hoton. Ke kika gaya wa kowa ni ce." Na ce haka ne. Na ce in aka sake mayar da ni bakin ƙofar nan, abin da zan faɗa ke nan. Ta tashi ta bar min ɗakin.

Ran da za ta koma makaranta na raka ta bakin titi, abin da rabona da yi tun tana firamare. Muna fitowa daga lungu matan da ke shara suka dakata suna kallonmu. Ta ja hijabinta ta rufe har haɓa. A bakin titin muka tarar da ɗaya yarinyar, ita ma da uwarta, cikin kayan makaranta iri ɗaya. Muka gaisa da uwar sama-sama. Keke ya tsaya, saura gurbin mutum biyu a baya. Mai keken ya ce su shigo mana, hanyarsu ɗaya. Ba wadda ta motsa. Ya yi hon, ya sake yi, ya gaji ya ja kekensa. Muka ci gaba da tsayuwa mu huɗu muna jiran na gaba, ni kuma na riga na makara.